Harafi Ɗaya Tsakanin Bisa da Ƙarƙashi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma wannan magana ta fara. Na san lokacin ne don ni nake riƙe da rajistar makarantar. Fadan da ya koya mana rubutu a makarantar mishan, shekaru da yawa da suka wuce, yakan ce abin da ba a sa wa kwanan wata ba kamar bai faru ba ne.

Akwai wani tsohon malamin Faransanci da ɗalibai suke kira Malam Alli, saboda hannun rigarsa na dama kullum fari ne fat. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyarwa a ɗaki ɗaya, a saman bene, bisa wani kantin magani. Makarantar manya ce. Tela, direba, mai gyaran firji, ma'aikaciyar asibiti, duk wanda aikinsa ya haɗa shi da masu jin Faransanci nan yake hawowa.

A da ɗakin yakan cika har a aro benci. A wannan shekara mutum goma sha huɗu suka rage, su ma rabinsu sai an kusa tashi suke shigowa suna haki.

A ranar da na ambata mai makarantar ya shigo da takarda a hannu. Ya ce daga mako mai zuwa darasin Litinin zuwa Juma'a ta waya za a riƙa yi, kowa daga inda yake. Wadda za ta koyar ita ce Malama Auta. Shi kuwa Malam Alli an bar masa ranar Asabar, ga duk mai sha'awar hawa bene.

Malama Auta ɗiyar ƙanwar Malam ce. A hannunsa ta girma, a bakinsa ta fara jin Faransanci tun ba ta iya ɗaura kallabi ba. Bayan an watse ta tsaya tana taya shi goge allo.

"Kawu, ba fa korarka aka yi ba."

"Ina! Ai an bar mini Asabar. An kwashe kaji, an bar mini akurki."

"Mutanen nan aiki suke yi, Kawu. Wa yake tashi daga aiki ƙarfe huɗu?"

"Auta, harshe a baki yake, ba a yatsa ba. Kuma ƙishirwa ce take kai mutum rijiya. Rijiya ba ta bin kowa gida."

"Yanzu ai famfo ake ja har cikin ɗaki."

Ya karɓe tsumman daga hannunta, ya ƙarasa gogewa da kansa. Daga ranar, tsakaninsu sai gaisuwa.

Gaskiya ɗaya ce, ajin waya ya yi kasuwa. Cikin wata guda na rubuta suna arba'in da ɗaya. Ajin Asabar kuwa mutum huɗu, wani lokaci uku. Malama Auta takan kawo mini lissafin da murmushi, ta ɗaga murya yadda kawunta zai ji daga ɗaki. Shi kuma in an ambaci ajin waya sai ya ce, "Au, 'yan danne-danne?"

A cikin arba'in da ɗayan nan akwai wata ungozoma. Shekara goma sha ɗaya tana karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti. Sai asibitin ya koma hannun wasu likitoci masu jin Faransanci, suka ce duk wanda zai ci gaba da aiki a ɗakin haihuwa sai ya ci jarrabawar baka. Sau biyu ake zama. Wanda ya faɗi na biyu ya ajiye rigar aiki. Ungozoma tana da 'ya'ya uku da tsohuwar uwa, kuma ba ta san wata sana'a ba.

A ajin waya ita ce kan gaba. Duk aikin da aka tura, kafin kowa ta amsa, ba kuskure. Malama Auta takan kafa misali da ita. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne, mako takwas Ungozoma ba ta taɓa buɗe baki ba. A barandar asibiti take bin darasi, tsakanin mai naƙuda da mai jego, ga hayaniya, ga kunya. Sai ta kashe abin magana, ta riƙa amsawa da yatsa.

Ranar Alhamis, sha ɗaya ga Mayu, ta zauna jarrabawa ta farko. Daga can ta wuce ofishina, inda Malama Auta take jiranta. Ta zauna a kujera ba ta ko ajiye jaka ba.

"Anti, yaya? An ci?"

"Malama, an ci ni dai."

Ta ba da labari. An ajiye mata 'yar tsana da tawul a kan tebur. Mai jarrabawa ta ce a sa tawul a bisa jaririn, ita kuma ta shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Aka nuna mata alama a jikin cibiya aka ce ta gaya wa mataimakiya ta ɗaure daga sama, ta buɗe baki ta ce daga ƙasa. Mai jarrabawa ta rufe takarda, ta ce sauran duk da kyau, amma wadda ba ta raba bisa da ƙarƙashi ba a ba ta jariri.

A nan sai na yi wa wanda bai karanta Faransanci ba bayani. Suna da kalmomi biyu, dessus da dessous. Ta farko tana nufin bisa, ta biyu ƙarƙashi. A rubuce harafi ɗaya ne ya raba su, kuma ido yana gani sarai. A baki kuwa, ta biyun tana kama da "da su" ɗinmu na Hausa. Ta farkon tana ƙarewa da wani sauti da babu shi a harshenmu ko kaɗan, sauti ne tsakanin i da u.

"Amma Anti, kin yi wannan darasin. Goma bisa goma kika ci."

"A rubuce na ci. Mai o ƙasa, marar o sama, haka na haddace. Amma da matar nan ta faɗa, ni dai 'da su' na ji. Har na kusa ce mata, da su wa?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma hawaye.

Zama na biyu ya faɗo ranar ɗaya ga Yuni. Mako uku.

Washegari Malama Auta ta tura mata saƙon murya har goma sha biyu, tana faɗin kalmomin biyu a hankali. Amsa ɗaya take dawowa: "Malama, wallahi tagwaye ne." Ita Malama tana iya furta sautin kamar a bakinta aka halicce shi, amma da ta nemi ta bayyana yadda ake yi sai ta rasa. Ba ta tuna yadda aka koya mata ba. Ta dai san wanda ya koya mata.

Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe na ga Malama Auta ta hau bene, Ungozoma tana biye. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar ɗalibar da ta makara.

"Kawu, na kawo maka mara lafiya."

Ya saurari labarin har ƙarshe. Ba zan ɓoye ba, fuskarsa ta nuna jin daɗi fiye da yadda ya kamata.

"Wannan ce mai goma bisa goman? To ina famfon? Ya ƙafe?"

Malama Auta ta sunkuyar da kai. Ungozoma ce ta amsa.

"Baba Malam, faɗanku na gida ne, ku ƙarasa a gida. Ni abincin 'ya'yana ne a bakin nan nawa."

Ya dube ta, ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani ƙaramin madubi mai tsage a gefe. Ya ja kujerarsa har gwiwarsu ta kusa haɗuwa.

"Riƙe. Dubi bakinki, kada ki dubi nawa tukuna. Ce iii."

"Iii."

"Ja shi. Kada harshenki ya motsa daga inda yake. Yanzu tsuke leɓe, kamar za ki yi fito."

"Baba Malam, mace da fito?"

"To kamar za ki hura shayi mai zafi. Harshe yana cewa i, leɓe yana cewa u. Kowa da aikinsa."

"Uuu."

"Harshen ya gudu baya. Dawo da shi. Matsoraci ne, da ya ga an rufe ƙofa sai ya ruga ɗaka."

Minti arba'in suna haka. Tela da mai gyaran firji da suke ajin suka tsuke nasu bakin suna tayawa, har ɗakin ya koma kamar na 'yan tsuntsaye. Can sai sautin ya fito daga bakin Ungozoma, siriri, daidai. Ta zaro ido tana kallon madubi.

"Wa ya faɗi wannan?"

"Ke kika faɗa. Sake."

Ta sake har sau biyar. Malam ya miƙe yana kakkaɓe hannu, ya ce sauti sabon dashe ne, sai da ban ruwa kullum. Ta riƙa zuwa ƙarfe huɗu, Litinin zuwa Juma'a, zai buɗe ɗakin saboda ita kaɗai.

"Baba Malam, aikin karɓa-karɓa muke yi. Haihuwa ba ta duba agogo."

"Mai so zai zo."

Litinin ya zauna daga ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi. Ba ta zo ba. Talata haka. Laraba ta kamo hanya, aka kira ta ta koma. Kullum yakan leƙo ofishina ya ce, "Rubuta ba ta zo ba." Ni kuma in rubuta, don aikina ke nan.

Asabar ta zagayo, ashirin ga wata. Ungozoma ta hawo da ƙyar, idanunta sun yi ja. Haihuwa goma sha tara suka karɓa a makon, ita da abokiyar aikinta kawai. Ya miƙa mata madubi ba tare da ya amsa gaisuwarta sosai ba. Ta tsuke baki.

"Da su."

Ta sake. "Da su." Sautin ya tafi kamar ba a taɓa yi ba. Ta ce ta yi ta gwadawa ita kaɗai a ɗakin canja kaya, amma ba mai ce mata daidai ne ko ba daidai ba, ashe kuskuren take ta maimaitawa har ya zauna.

Ta ajiye madubin a kan tebur a hankali.

"Baba Malam, ka yafe mini wahalar da na ba ka. Malama, ke ma. Wata ƙila rabona a ɗakin nan ya ƙare."

Na ga Malam yana kallon hannunta. Hannu ne da sabulun asibiti ya cinye, duk ya tsattsage. Kwana biyar ya yi yana jira a ɗaki yana ƙirga laifinta, ita kuwa tana can tsaye a kan ran mutane.

Malama Auta ta matso.

"Kawu, ni na yi laifi. Mako takwas ina yaba wa yatsanta, ban taɓa cewa ta buɗe baki in ji ba. Maganin yana wurinka. Amma mara lafiyar ba za ta iya zuwa kullum ba. Ka bar wayata ta zama cokali."

Ya daɗe yana juya guntun alli a hannu.

"Kwana nawa ya rage?"

"Goma sha biyu."

"To yaya ake yi da abin?"

Abin da ya biyo baya, da ba don halin da ake ciki ba, da an sha dariya. An ma sha. Da aka ɗaga waya za a ɗauke shi, sai ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya fara gaishe da masu sauraro da tambayar iyali.

"Kawu, bakinka kawai nake so."

"Bakina kawai? Sauran jikin fa, laifin me ya yi?"

Da ya karɓa zai gwada da kansa, ya ɗauki rufin ɗakin na minti biyu, sannan ya ɗauki cikin hancinsa. A ƙarshe dai aka samu bidiyo na daƙiƙa arba'in, leɓen tsoho yana tafiya daga i zuwa wancan sauti, sau shida, a hankali.

Aka tsara aiki. Duk sanda Ungozoma ta samu sarari, ko minti uku ne, za ta kalli bakin Malam, ta ɗauki nata, ta turo. Malama Auta ta ba kawunta tsohuwar wayarta, ta manna takarda a baya mai ɗauke da matakai huɗu. Shi zai saurara ya mayar da gyara. Ita kuma Malama ta shirya kalmomi sittin a gauraye, murya kawai ba hoto, Ungozoma ta riƙa ji tana cewa wannan bisa, wannan ƙarƙashi. Malam ya ce wannan ɓata lokaci ne, ai mutum bakin mai magana yake kallo. Malama ta ce a bar ta da nata.

Saƙonsa na farko minti tara ne, bakwai daga ciki nasiha. Ungozoma ta amsa, "Baba Malam, kafin ka iso kan gyaran an haifi mutum ɗaya." Daga nan ya koyi taƙaitawa. "Harshe gaba." "Leɓe ya yi sake." "Na uku daidai, sauran a zubar."

Ranar Laraba ya shigo ofishina da wayar a hannu, ya sa mini muryarta sau huɗu a jere.

"Ka ji? Kafin ta faɗa tana jan numfashi, a nan harshen yake zamewa. Shekara talatin da huɗu ɗalibi yana faɗin kalma sau ɗaya ta bi iska. Wannan abin yana kama ta ya riƙe mini." Ya sa wayar a aljihu. "Kada ka gaya wa Auta na faɗi haka."

Ban gaya mata ba sai yau.

Asabar ta ƙarshe suka haɗu su duka a bene. Aka kawo 'yar tsana da tawul. Tela ya zama mijin mai naƙuda, yana ta sintiri yana tambayar an sauka. Mai gyaran firji ya zama mataimakiya, ya ɗaura tsumman allo a ka. Malam yana ba da umarni da sauri, Malama tana katse shi da wani. Ungozoma ta yi kuskure uku a cikin ashirin. Malam ya ce uku sun yi yawa. Malama ta ce a makon jiya ashirin ne a cikin ashirin. Suka fara musu, Ungozoma ta ce in sun gama su tashe ta.

Ranar Alhamis, ɗaya ga Yuni, da ƙarfe ɗaya saura kwata, muka ji takun Ungozoma a matakala. Malam ya zo tun safe, ya ce wai wani littafi yake nema. Malama tana bakin taga.

Ta shigo ta zauna, ta nemi ruwa. Sai da ta shanye kofin ta yi magana.

"Matar nan da takunkumi ta shigo. Mura take yi. Na ce shi ke nan, bakin da zan kalla an rufe shi."

Malam ya dafa tebur.

"Sai ta yi magana. Na rufe ido kamar ina baranda da waya a kunne. Wallahi na ji shi, siririn sautin nan. Na ɗora tawul a bisa. Da aka zo kan cibiya kuma, ni ce mai faɗa. Na ce wa harshena, yau in ka gudu ɗaka ni da kai ne. Na tsuke baki kamar mai hura shayi."

"Sai me?" in ji Malama.

"Sai ta rubuta. Da maki uku na haye."

Malama Auta ta rungume ta. Malam ya juya yana gyara littattafan da ba abin da ya same su.

"Maki uku kacal," ya ce. "Asabar ki zo. Yadda kike faɗin r ɗin nan abin kunya ne."

Ungozoma tana nan a ɗakin haihuwa har yau. Daga wannan zango aka sake tsari. Ba a karɓar aikin waya sai da murya, kuma duk ɗalibi sai ya hau bene sau biyu a wata. Ba kowa tsarin ya yi wa daɗi ba. Daga arba'in da ɗaya, goma sha shida suka janye da aka ce sai sun buɗe baki. Akwai kuma wata dattijuwa mai sayar da yadi, ɗaya daga cikin sha huɗun farko, wadda ba ta da babbar waya kuma Asabar ce ranar cinikinta. Tun watan Maris ta daina zuwa. Muna can muna musun rijiya da famfo, ba wanda ya tambayi inda take. Da na je nemanta an ce ta tashi. Wannan yana damuna har yanzu.

Ga waɗanda suka rage daga ajin farko, kamar yadda suke a rajista a ƙarshen shekara:

Tela, wanda har yau bai yarda ya turo murya ba sai ya shiga bayan shago.

Mai gyaran firji.

Direba, da yake bin darasi daga duk inda mota ta tsaya.

Wasu 'yan'uwa mata biyu masu aikin otal.

Malama Auta, wadda yanzu ita take hawa bene ranar Asabar.

Malam Alli, daga kujerarsa a gida, don gwiwa ta hana shi matakala. Ɗalibai suna zuwa masa bibbiyu, sauran kuma yana jin su ta waya.

Sai ni, mai rubuta sunaye.

Darasi: Harshe daga baki yake shiga baki, amma ba kowa ne yake da sararin zama gaban malami kullum ba. Waya tana kai darasi inda ƙafar malami ba ta zuwa, zama ido da ido kuma yana gyara abin da yatsa yake ɓoyewa. Malamin da ya riƙe ɗaya ya raina ɗaya, ɗalibinsa ne zai ji a jika. Ku tura wa duk malamin da kuka sani, tsoho da sabon hannu, da duk ɗalibin da yake cin goma bisa goma amma ba a taɓa jin muryarsa ba.